Me ya haɗa katantanwa da guguwa?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Me ya sa katantanwa da guguwar teku suke nannaɗewa iri ɗaya?

Malama: Wa alaikumus salam. Kamannin a ido ne kawai. Dodon koɗi yana ƙara gini ne a bakin katantanwarsa, kuma da yake gefen waje ya fi na ciki saurin girma, dole ta lanƙwashe. Guguwa kuwa, juyawar duniya ce ke karkatar da iskar da ke kwarara zuwa tsakiyarta, shi ya sa a arewacin duniya take juyawa saɓanin hannun agogo.

Injiniya: Gaskiya ne, Malama, amma a bambanta su da murɗin DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halittu, wanda masana kimiyya Watson da Crick suka bayyana a 1953, domin shi faɗinsa ba ya ƙaruwa.