Fankokin sabar ofishinmu suna ƙara, kuma tana ɗaukar zafi

Abu Hafsa: Assalamu alaikum. Tun shigowar hunturu fankokin sabar ofishinmu (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) suke ƙara ba dare ba rana, kuma zafin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) yakan haura digiri 85 a ma'aunin Celsius ko da aikin bai yi yawa ba. Daga ina ya kamata in fara bincike?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam, Malam. Fara duba zafin iskar da ke shiga ta gaba, a manhajar lura da lafiyar sabar, wato iDRAC idan Dell ce, ko iLO idan HP ce, domin yawancin sabobi an ƙera su ne don iskar da ba ta wuce digiri 35 ba. Ƙurar hunturu takan toshe ƙarfen da ke zuƙe zafin furosesa, don haka ka kashe sabar, ka cire wuta, ka hure ƙurar, amma ka riƙe fankokin kada iska ta juya su.

Maman Sadiya: Ka tabbatar murfin roba mai karkatar da iska yana mazauninsa. Fanka guda ma idan ta mutu, sauran sukan ƙure gudu.

Injiniya Bala: Haka ne, Hajiya. Idan zafin bai sauka ba, a sauya man da ke kan furosesa, mai isar da zafi zuwa ƙarfen, wataƙila ya bushe.