A ina zan karanta dokar hayar shago?

Mai Tireda, Garwa:
Assalamu alaikum. Shekara biyar ke nan ina haya a wani shago kusa da babbar kasuwa, ba mu taɓa rubuta takarda ko yanke wa'adi ba, sai ga mai shagon ya aiko cewa in tashi kafin ƙarshen wata. Na bincika a intanet, amma duk abin da nake samu da Hausa dokokin Najeriya ne. Ina neman dokar da kotunan Kamaru suke aiki da ita kafin in je wajen lauya.

Ɗalibar Shari'a, Ngaundere:
Wa alaikumus salam. Alhaji, wannan doka ba ta Kamaru kaɗai ba ce, ta OHADA ce, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka kafa a 1993, take kuma da ƙasashe 17 har da Kamaru da Chadi da Nijar, amma ban da Najeriya. Ka shiga ohada.org ko ohada.com, ka nemi dokar kasuwanci ta bai ɗaya, babin da ake kira "bail à usage professionnel", wato hayar wurin sana'a. Ka tabbata wadda aka sabunta a 2010 ka buɗe, domin tsohuwar ta 1997 tana nan tana yawo, kuma lambobin sassanta sun bambanta. Sashe na 103 ya amince da haya ko ba a rubuce take ba, na 123 ya ba wanda ya shekara biyu yana sana'a a wurin haƙƙin sabuntawa, na 125 kuma ya wajabta sanarwar tashi ta wata shida idan hayar ba ta da wa'adi.

Malam, Njamena:
'Yata ta faɗi daidai, mu ma a nan da ita ake hukunci. Sai dai karanta sashe bai wadatar ba, a duba yadda alƙalai suka fassara shi. Shafin Juricaf yana ɗauke da hukunce-hukuncen manyan kotuna kyauta, har da na kotun OHADA da ke Abijan. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lokaci: idan sanarwa ta zo bisa ƙa'ida, dole ka ƙalubalance ta ta hannun "huissier", wato jami'in isar da takardun shari'a, ko ta wata hanyar da za ta tabbatar mai shagon ya karɓa, kafin ranar da ta ƙayyade, in ba haka ba hayar ta ƙare.

Mai Tireda, Garwa:
Allah ya saka da alheri. Tawa sanarwar ta baki ce, yaronsa ya aiko. Gobe zan sa a buga mini sassan nan uku in tafi da su wajen lauya.