Jel ɗin alobera da na bitamin: wanne ke warkar da ciwo?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Masu aiki da ciwo kullum, jel ɗin tsirrai da na bitamin suna taimakawa ko talla ce kawai?

Nas a sashen ƙuna: Wa alaikumus salam. Sai an duba irin ciwon. Ƙunar da ta tsaya a saman fata, ta yi ja ba ta tashi bororo ba, alobera na sanyaya ta. Amma a fara sa wurin ƙarƙashin ruwa mai gudu na minti 20, ban da ƙanƙara. Sannan a shafa kaɗan, sau biyu ko uku a rana. A karanta jikin kwalbar: masu launin kore da ƙamshi galibi akwai alkohol a ciki, zafi za su ƙara. Wanda ya yanko ganyen alobera kuwa, ya bari ruwan nan mai launin ɗorawa da ke fita daga yankan ya tsiyaye, shi ke kawo ƙaiƙayi.

Mai haɗa magunguna: Haka ne, Sista. Ciwo mai zurfi ban da alobera. Wani bincike na 1991 a kan ciwon tiyatar da ya buɗe ya nuna ma jinkirta warkewa ta yi. Bitamin E kuma suna ya fi aiki: a gwajin Jami'ar Miami na 1999 a kan tabon tiyata, kusan mutum ɗaya cikin uku ya yi ƙuraje, tabon bai ragu ba. Na fi yarda da dexpanthenol, wanda jiki ke mayarwa bitamin B5, mai kashi 5 cikin 100 ga ƙujewa da tsagewar fata.

Mai wankin ciwo: Abin da ya fi ɓata aiki shi ne laftawa. A wanke da ruwan gishiri na asibiti, a tsane gefe, a sa jel ɗin da ya dace da irin ciwon a cikinsa kawai, a rufe da bandejin da ba ya mannewa. In aka buɗe aka ga gefen ya yi fari ya yi taushi, danshi ya yi yawa, a rage. Jel ɗin albasa da na silikon maganin tabo ne, sai fata ta haɗe, kuma ana yin wata biyu zuwa uku.

Nas a sashen ƙuna: Sabon jel, a gwada shi a cikin dantse kwana ɗaya tukuna. Mugunya, wari, zazzaɓi, jan da ke yaɗuwa, ko ciwo a ƙafar mai ciwon suga, wannan na asibiti ne.