Babana ya yi ritaya daga koyarwa, rubutunsa cike da akwati, ta ina zan fara?

Ɗan Malam:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Babana ya shekara 35 yana koyarwa, daga malamin aji ɗaya na firamare har ya kai hedimasta, yau shekara 11 da ritayarsa. Tun muna yara kullum da daddare yana zaune da biro da littafi, mu duk a zatonmu makin aikin 'yan aji yake yi, ashe rabin abin nasa ne yake rubutawa. Satin da ya wuce ya sa na sauko masa da akwatin ƙarfensa, na ƙirga littattafai 19, wasu labarin ajinsa ne rana-rana, wasu waƙoƙi, biyu da ajami ya rubuta su. Gara ta taɓa uku. Yanzu hannunsa na rawa ga yanar ido ta fara rufe masa ɗaya, ya ce min burinsa ya ga abin ya zama littafi kafin ta Allah ta kasance, wallahi maganar nan ta tsaya min a rai. Ta ina ake farawa? Kuma ya dace in gyara masa, don wani labarin sai ya maimaita shi sau biyu ko uku?

Mai Ɗab'i:
Wa'alaikumussalam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ajiye zancen littafi tukunna, ka fara ceto takardun. Kar ka manna salatif inda ya yage, bayan 'yan shekaru gam ɗin yana rinewa ya ɓata shafin, kuma kar wani ya ce ka kai a yi laminatin, in an yi an yi kenan ba a warwarewa. Ka raba ukun da gara ta ci da sauran. Sai ka ɗauki hoton kowane shafi, in da na'urar sikanin ce a sa ingancin hoton a 300 dpi, in da waya ce a hasken rana ba filasha, ka sa lambar littafi da ta shafi, ka ajiye kwafi a wuri biyu. Mai buga maka a kwamfuta lallai ya sa ƙ da ɗ da ɓ, Gboard, allon rubutu na waya, ma yana da Hausa, in ba haka ba baƙi da baki duk su zama ɗaya. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, wadda tun 2007 ta koma lamba 13, sai an gama komai ake nemanta.

Malama Mai Ritaya:
Ɗana, ni ma shekara 33 na yi ina riƙe da alli, kuma ina rubutu har gobe, saboda haka saurare ni da kyau. Kar ka cire ko kalma ɗaya ba da saninsa ba. Maimaitawar da kake gani, ka jera su ka duba, za ka tarar ba iri ɗaya ba ne, na farko ya rubuta ranar da abin ya faru yana cikin fushi ko murna, na biyun ya rubuta bayan shekaru da ya gane abin da bai gane ba a lokacin. Ina da yarinya da na rubuta sau uku. Farko na rubuta cewa ba ta maida hankali, har ta kai aji uku ba ta haɗa baƙi, daga baya na gano allon ne ba ta gani, na dawo da ita bencin gaba, kafin ƙarshen zango ta fara karatu. Na ukun na rubuta shi ranar da ta zo gaishe ni da 'yarta a goye. In wani ya goge min biyu ya bar ɗaya ai ya kashe labarin. Ka zauna ka riƙa karanta masa da ƙarfi wayarka na naɗar murya, abin da zai ƙara da baki sai ya fi na takardar yawa. Sunayen ɗalibai kuwa a canza su, musamman inda aka faɗi talaucin gidansu ko laifin da suka yi, yanzu manya ne masu iyali.

Tsohon Ɗalibi:
Na ajamin kar ka yarda da karatunka kaɗai, ka nemo wanda ya ƙware ya mayar da su boko Baba yana ji, in an zo bugawa a sa hoton rubutun hannunsa a gefe. Ka kuma nemi tsofaffin ɗalibansa kowa ya rubuto ɗan abin da yake tunawa. In ya kammala, 5 ga Oktoba ce Ranar Malamai ta Duniya, tun 1994 ake yinta, ta dace da ƙaddamarwa.

Ɗan Malam:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama na bi maganarki, jiya na karanta masa littafi na farko, a shafi na huɗu ya tsayar da ni ya shiga ba ni labarin ranar da sufeto ya fara shigo masa aji, awa ɗaya da rabi yana magana kuma duk na naɗa. Ya ce yau in zo da wuri mu ci gaba daga shafi na biyar.