Abin da aka ce kan akwaforin a marainan tsuntsaye masu tasowa

To ga dai abin da na tsinta daga wata tattaunawa kan yadda ake binciken akwaforin a marainan tsuntsaye masu tasowa. Akwaforin furotin ne da ke zama ƙofar ruwa a jikin ƙwayar halitta, masanin kimiyya Peter Agre ne ya gano aikinsa, har ya samu kyautar Nobel a 2003.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kar ka ɗauki sakamakon binciken da aka yi a kan ɓera ka liƙa wa zakara. Marainan tsuntsu a ciki suke kusa da ƙoda, kuma ƙananan bututun da ke fitowa daga maraina su ke tsotse yawancin ruwan don maniyyi ya yi kauri, to can ya kamata ka fi zuba ido, ba cikin marainan kawai ba.

Sai batun shekaru, wanda ni a ganina shi ne babba, ka raba ɗan tsako da matashi da wanda ya balaga, ka rubuta tsawon hasken rana ma tunda shi ke sa marainan kumbura ko motsewa. Sinadarin gano furotin ɗin kuwa galibi don dabbobi masu shayarwa aka haɗa shi, gwada shi a ƙoda tukuna kafin ka yarda da shi.