Yarona ya kamo wata irin baiwar Allah a dutse, in bari ya sayar?

Mai tambaya, Mokolo ta Kamaru: Salamu alaikum 'yan uwa. Yarona mai ɗana wa kanari tarko ne ya kamo wasu 'yan tsuntsaye biyu a gindin dutse. Ja ne kamar baiwar Allah da ke tsince mana tsaki a tsakar gida, sai dai bakinsu ruwan toka ne. Wani mai sayen tsuntsu ya ninka masa kuɗi, shi ya sa na tsargu. In bari ya sayar ko a'a?

Malamin makaranta, Marwa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ta gida bakinta ja ne, kuma tana ko'ina, daga Senegal har Afirka ta Kudu. In namijin naku gadon bayansa ja ne, kansa da ɗan toka-toka, to ta dutse ce. Sai a 1998 masana suka tantance ta a tsaunukan Jos, daga baya aka same ta a duwatsun Mandara na yankinku. Akwai ta uku mai bakin toka a wajen Mundu ta Chadi da wani yanki na arewacin Kamaru, ita bayanta ruwan ƙasa ne. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ba ta sa ko ɗaya cikin masu shirin ƙarewa ba, amma kada wannan ya ruɗe ka. Ta dutse mazauninta kaɗan ne, ga saran itace ga kiwo suna cinye ciyawar da take ci.

Wani dattijo, Garwa: Kai malam, tun muna yara ake kamun tsuntsu, bai ƙare ba. A bar yaro ya samu na sabulu.

Malamin makaranta: Baba, da gaskiyarka a kan janbaki mai cinye gero. Wannan kuwa in an kwashe na dutse ɗaya, sai a daɗe wasu ba su zo ba.

Hajiya, Kuseri: Ka duba cikin macen, Alhaji. In gashin wurin ya zube, kwanci take yi, ƙwai na can yana sanyi. Kuma kamun sayarwa sai da takardar 'yan gandun daji. In aka tare mai sayen, yaronka zai nuna.

Mai tambaya: Na gode. Gobe da asuba zai mayar da su gindin dutsen. Kuɗin kuma na ce zan ba shi rabi, yana ta ƙunƙuni.