Wasa 16 a Jere: Oilers Sun Kama Hanyar Kofi Ko Zumuɗi Ne?

Baban Nana: Jama'a ku rubuta ku ajiye. Yau 4 ga Fabrairu 2024, ni na ce bana kofin Stanley, babban kofin gasar hoki ta kan ƙanƙara ta NHL, a Edmonton zai kwana, wurin ƙungiyarmu Oilers. Wasa 16 a jere muka ci. Ranar Talata in muka doke Vegas mun kamo tarihin da Pittsburgh ta kafa a kakar 1992-93, wasa 17. Duk mai ja ya fito.

Kawu Sale: Ga ni na fito. Ɗana, ita Pittsburgh ɗin da ka ambata, ka san yadda ta ƙare a waccan shekarar? Da taurarinta Mario Lemieux da Jagr da kowa, New York Islanders suka kore ta a zagaye na biyu, a wasa na bakwai. Columbus ma ta ci 16 a jere a kakar 2016-17, ko zagayen farko ba ta tsallake ba. Ka kawo mana hujjar da take yaƙar ka.

Baban Nana: Kawu, kai dai ba ka taɓa yi mana fatan alheri ba.

Kawu Sale: Ina cikin garin nan a 2006. Na ga yadda aka cika Whyte Avenue ana kaɗe-kaɗe kamar ranar hawan salla, muka je har wasa na bakwai na ƙarshe, Carolina ta ɗauke kofin muna kallo. Bayan nan shekara goma cur ba mu ƙara leƙa wasannin fidda gwani ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Auta: Don Allah a yi mini afuwa, wata biyar kacal nake a Kanada. Shin mun riga mun shiga fidda gwanin ne, ko da saura?

Maman Khalifa: Da saura, ƙanena. Kowace ƙungiya wasa 82 take yi. Nasara maki 2, in an doke ka bayan ƙarin lokaci a ba ka 1. Ƙungiyoyi 32 ne, 16 suke wucewa: ukun farko a kowane rukuni, sai biyu-biyu da ake cike gurbi da su a gabas da yamma. Mu yanzu mun buga 45, mun ci 29, muna da maki 59. Shiga kam, in ba wani ikon Allah ba, za mu shiga. Gardamar yayyenka a kan abin da zai biyo baya ne, don can sai ka doke ƙungiya ɗaya sau huɗu cikin wasa bakwai, kuma ka yi haka har zagaye huɗu.

Baban Nana: Hajiya ki faɗa masa inda muka fito ya san abin da nake wa murna. Auta, wasan farko na bana Vancouver ta yi mana 8 da 1. Cikin wasa 12 na farko 2 kawai muka ci. Ran 9 ga Nuwamba San Jose, wadda kowa yake zuwa ya ɗebi maki a wurinta, ita ma ta doke mu. A daren nan Nana ta tambaye ni ko za ta iya daina sa rigar McDavid, kyaftin ɗinmu, zuwa makaranta. Kwana uku bayan haka aka sallami koci Jay Woodcroft aka kawo Kris Knoblauch. Tun daga ranar mun ci 26, an ci mu 6. In wannan ba sauyi ba ne, mene ne sauyi?

Ɗan Damagaram: Ina gaishe ku daga Montreal. Ku riƙa tunawa dai, rabon da wata ƙungiyar Kanada ta ɗaga kofin nan tun 1993, kuma mu ne. Ku naku na ƙarshe 1990.

Baban Nana: Malam, wanda aka doke a gidansa ran 13 ga Janairu ba ya sa baki. Ba zan manta daren ba. Sanyi ya haura 40 ƙasa da sifiri, wayoyinmu duk suka yi ƙara a lokaci guda, gwamnatin Alberta tana roƙon a rage amfani da lantarki kada a fara ɗauke wuta. Na ce ikon Allah, har nan ma? Na kashe kowane ƙwan fitila a gidan, na bar talabijin kaɗai. Muna lulluɓe da bargo a cikin duhu ɗan wasanmu Bouchard ya zura ta ƙarin lokaci, muka ci Montreal 2 da 1. Nasara ta 10 a jere ke nan, abin da ko zamanin Gretzky, babban tauraronmu na da, ba a yi ba.

Ɗan Damagaram: Na ji, na yi shiru.

Kawu Sale: Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce koci ne ya yi komai. An zalunci Woodcroft. Mutumin da ya kai mu wasan ƙarshe na yamma a 2022, ya samo maki 109 a bara, dare ɗaya ya zama bai iya ba? Masu tsaron raga ne suka ci amanarsa. Jack Campbell, da aka ba kwantiragin dala miliyan 25 na shekara biyar, duk abin da aka harba sai ya shige, har aka tura shi ƙaramar ƙungiya a Bakersfield. McDavid kuma ya ji rauni a Oktoba, ya dawo yana wasa kamar ba shi ba. Da gola ya farfaɗo, McDavid ya warke, ko ni aka ba aikin sai na yi suna.

Maman Khalifa: A nan kam Kawu ban bi ka ba. Ni kullum asuba ina bakin filin ƙanƙara da Khalifa, na sha jin kocinsu yana cewa gola ba ya lalacewa shi kaɗai. Ku tuna irin ƙwallayen da ake ci mana a Oktoba: 'yan baya duk sun ruga gaba, a ƙwace a juyo, mutum biyu a kan ɗaya, wani lokaci uku. Wane gola ne zai tare wannan? Yanzu 'yan gaba suna komowa da gudu, kuma tun da aka ɗora Paul Coffey a kan horar da 'yan baya sun daina jefar da ƙwallo don tsoro, suna miƙa ta hannu da hannu. In an tura ɗan wasanmu akwatin hukunci na minti biyu, da sai na rufe ido, yanzu ina iya tashi in ɗora shayi. Abin da ya fi burge ni a wasa 16 ɗin nan ba yawan cin ba ne. Akasarinsu ba a zura mana fiye da biyu ba. Da mun saba cin 6 a ci mu 5. Ƙungiyar da ta koyi cin 2 da 1 ita ake tsoro a watan Mayu.

Baban Nana: Allah ya biya ki Hajiya! Kawu ka ji?

Maman Khalifa: Kada ka yi saurin gode mini. Ban ce kofi namu ba ne. Golanmu Stuart Skinner ɗan garin nan ne, ina son yaron, amma a bara da Vegas ta matsa masa an cire shi daga raga ba sau ɗaya ba. Sai na gan shi a Afrilu tukuna, in an fara fidda gwani.

Kawu Sale: Yauwa. Ga kuma Boston a bara: nasara 65, maki 135, ba a taɓa yin irinsa ba. Florida ta sallame su a zagayen farko. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Baban Nana: To St. Louis fa? Farkon Janairun 2019 su ne na ƙarshe a duk gasar. Sun kori koci a Nuwamba kamar mu, suka ɗauko gola matashi, Jordan Binnington, suka ci 11 a jere, a watan Yuni suka doke Boston a wasa na bakwai suka ɗaga kofi. Me ya sa wannan misalin ba ya zuwa bakinka?

Kawu Sale: Saboda sau ɗaya aka yi, shi ya sa kowa ya haddace shi. Kuma dubi waɗanda muka tara makin a kansu: Chicago sau biyu, Anaheim, San Jose, Columbus. Vancouver da take saman rukuninmu sau uku muka haɗu bana, sau uku ta doke mu.

Baban Nana: Duka ukun kafin Knoblauch ne! Kuma ka tsallake Rangers a gidansu, da Toronto, da Los Angeles.

Auta: To ni yanzu in sayi rigar ko in dakata? Kuɗinta ya kai cefanen sati biyu.

Kawu Sale: Dakata zuwa 8 ga Maris, ranar da ake rufe musayar 'yan wasa. In babban manajanmu Ken Holland ya samo mana ɗan baya ɗaya mai ƙarfi, ni da kaina zan raka ka shago. Corey Perry da ya ɗauko yana da shekara 38, ba shi ne maganin ba.

Ɗan Damagaram: Perry dai ya ci kofi da Anaheim a 2007, kuma ya je wasan ƙarshe shekara uku a jere, da Dallas da mu da Tampa.

Kawu Sale: Duka ukun kuma ya faɗi.

Maman Khalifa: Talata kowa ya zo gidanmu bayan isha'i, zan yi masa da miyar taushe. Baban Nana, in Vegas ta karya mana jerin, kai za ka kwashe ƙanƙarar ƙofar gidan Kawu har ƙarshen wata.

Baban Nana: Na yarda. In muka ci kuma Kawu zai sa rigar McDavid mai lamba 97 a yi masa hoto.

Kawu Sale: A kan babbar riga zan ɗora ta. Hajiya, a sa yaji da yawa.